Tarihin Rayuwar Marigayi Farfesa Thomas Adeoye Lambo (1923–2004), Likitan da Ya Mayar da Ƙauye Asibiti

Gabatarwa

A ƙasar Kano ta arewa, tun daga Dawakin Tofa da Bichi har zuwa Ɗambatta da Makoɗa da Kunci, inda gona ke jingine da gona, gari kuma ke hango gari, da wuya a sami unguwar da ba ta san wani nata da ya taɓa samun taɓin hankali ba. Wani saurayi ne da barci ya ƙaurace masa ya shiga surutai, wata mai jego ce da ta birkice bayan suna, wani kuma magidanci ne da ya daina fita gona ya kulle kansa a ɗaki. Matakin da iyali da shugabannin gari suka ɗauka a makonnin farko shi ne yakan nuna ko mutum zai warke ya koma cikin jama'a, ko kuwa zai ƙare a mari, ko a kan bola a bakin kasuwa.

Saboda haka ne wannan shafi ya kawo wa mai karatu tarihin Farfesa Thomas Adeoye Lambo, ɗan Nijeriya na farko da ya ƙware a fannin likitancin ƙwaƙwalwa irin na zamani. Shi Bayarabe ne, mutumin Abekuta, amma aikin da ya yi suna da shi a ƙauye ya yi shi, tsakanin manoma, a gidajen ƙasa irin waɗanda muka sani. A zamaninsa ne kuma wannan sana'a ta fita daga hannun Turawan mulkin mallaka, ta sami sunan mutunci da ƙungiya da makarantun horarwa na kanta a ƙasar nan.

Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Thomas Adeoye Lambo a garin Abekuta, babban birnin Jihar Ogun ta yanzu, ranar 29 ga watan Maris na shekarar 1923. Ya yi karatun sakandare a makarantar maza ta Baptist da ke garin nasu daga 1935 zuwa 1940. Daga nan sai ya tafi ƙasar Ingila, ya shiga Jami'ar Bamingam, inda ya kammala karatun likita a 1948. Ya ɗan taɓa aiki a asibitocin wannan birni, cikinsu har da asibitin masu cututtukan jijiya, kafin ya dawo gida ya kama aikin gwamnati.

A matsayinsa na ƙaramin likitan gwamnati ya yi aiki a Legas, an kuma tura shi Arewa, ya zauna Zariya da Gusau. A wannan ɗan tsakani ne ya ga irin rayuwar da masu taɓin hankali ke yi a hannun hukuma, abin da ya ja ra'ayinsa zuwa fannin da likitoci da yawa na wancan zamani ba su ko waiwaya.

Halin da Ya Tarar

Turawan mulkin mallaka sun buɗe gidan mahaukata na farko a Kalaba a 1904, na biyu kuma a unguwar Yaba ta Legas a 1907. A 1916 aka kafa dokar mahaukata, wadda aka sake fasalinta a 1958. Manufar wannan doka ita ce a kawar da wanda ake ganin zai cuci jama'a daga kan hanya, a tsare shi. Batun magani da warkewa bai sami wani gurbi a cikinta ba. A Arewa kuwa, galibi wani sashe na gidan yarin En'e ake warewa don ajiye irin waɗannan bayin Allah, gandirobobi ne kuma ke kula da su. Rahotannin da ita kanta gwamnatin Turawa ta sa aka yi a shekarun 1930 da 1950 sun nuna cunkoso da ƙazanta da rashin ƙwararrun ma'aikata a waɗannan wurare.

Dalilin haka ne ya sa talaka bai ɗauki gidan mahaukata a matsayin wurin neman sauƙi ba. Wanda duk aka kai can, an ɗauka ya tafi ke nan. Iyali sun gwammace su kai nasu wurin boka ko malami ko mai turu, ko da kuwa zai sha ɗauri da duka, domin aƙalla suna ganinsa, suna kuma kai masa abinci.

A 1952 Lambo ya koma Ingila, ya shiga cibiyar koyar da likitancin ƙwaƙwalwa ta asibitin Maudsley a Landan, ƙarƙashin shahararren malamin nan Aubrey Lewis. Yana can ne, a 1953, Hukumar Lafiya ta Duniya ta wallafa wani littafi na wani likitan mulkin mallaka da ya yi aiki a Kenya, mai suna J. C. Carothers, wanda ya yi da'awar cewa ƙwaƙwalwar baƙar fata da tunaninsa ba su kai na Bature ba. Lambo ya ƙi yarda da wannan magana, ya kuma mayar da martani da hujjar bincike. A maƙalar da ya buga a 1955 game da marasa lafiya Yarabawa, ya nuna cewa cutar ɗaya ce a ko'ina, abin da ke bambanta shi ne yadda al'ada ke sa mara lafiya ya bayyana abin da ke damunsa. Bature zai ce 'yan leƙen asiri ke binsa da na'ura, mutumin ƙauye kuma zai ce sammu aka yi masa ko iskoki suka taɓa shi, alhali ciwon guda ne, maganin ma guda ne.

Tsarin Ƙauyen Aro

A 1954 Lambo ya dawo Nijeriya, aka ba shi jagorancin sabon asibitin ƙwaƙwalwa da ake ginawa a Aro, wani ƙauye a wajen garin Abekuta. Ya tarar ba a gama ɗakunan kwantar da marasa lafiya ba, ga kuma jama'a suna ɗari-ɗari da wurin. Maimakon ya zauna jiran magina, sai ya nufi dattawan Aro da na ƙauyukan da ke kewaye, ya roƙe su da su ba marasa lafiya hayar ɗakuna a cikin gidajensu. Da fari an yi masa turjiya, domin ba wanda ke son a kawo masa mahaukaci cikin iyalinsa. Bayan dogon lallashi suka amince, a watan Oktoba na 1954 kuma aka fara aiki.

Ga yadda tsarin yake. Ba a karɓar mara lafiya sai ya zo da ɗan'uwa guda aƙalla, galibi uwa ko 'yar'uwa ko gwaggo, wadda za ta zauna da shi a ɗakin hayar, ta dafa masa abincin da ya saba ci, ta wanke masa tufafi, ta kuma raka shi asibiti. Da safe sai su taka zuwa asibitin a duba shi, a ba shi magani. A lokacin ne sababbin ƙwayoyin kwantar da taɓin hankali suka fara yaɗuwa, tun bayan da aka fara amfani da maganin kulofuromazin a Faransa a 1952, ana kuma yin jinyar lantarki ga wanda ya buƙata. Da yamma sai mara lafiya ya koma ƙauye, ya zauna a dandali da mutane, ya je kasuwa, ya halarci wurin ibadarsa, wanda ya sami sauƙi kuma ya bi mai masaukinsa gona. An ajiye ma'aikatan jinya a ƙauyen dare da rana, saboda ko wani zai birkice cikin dare. Wanda ciwonsa ya yi tsananin da zai iya cutar da kansa ko waninsa, shi ne kaɗai ake kwantarwa a asibiti.

Su ma mutanen ƙauyukan ba a bar su hannu rabbana ba. Suna karɓar kuɗin haya, asibiti na ba su rance su ƙara ɗakuna, wasunsu kuma an ɗauke su aikin lambu da gadi da dako. An kawo musu ruwan famfo, an haƙa masai, an yi feshin sauro, an kuma buɗe musu ɗakin shan magani. Dattawan gari da ma'aikatan asibiti sukan zauna taro a kai a kai don sasanta duk wata matsala da ta taso. Da tafiya ta yi tafiya, ƙauyuka huɗu suka shiga tsarin, suna ɗaukar marasa lafiya tsakanin 200 zuwa 300 a lokaci guda.

Amfanin wannan tsari ya fito ta fuskoki da dama. Kuɗin da ake kashewa bai kai na kwantarwa a asibiti ba. Mara lafiya bai yanke hulɗa da mutane ba, don haka ranar sallama ba ya komawa gida kamar baƙo. Ɗan'uwan da ya yi zaman jinya ya koyi yadda ake ba da magani, ya kuma san alamun da ke nuna ciwo na shirin dawowa. Bugu da ƙari, mutanen ƙauyen da suka ga wanda aka kawo a ɗaure ya koma gida da ƙafarsa yana gaisawa da kowa, su ne suka riƙa yaɗa labarin cewa hauka ciwo ne mai magani. Labarin Aro ya kai ƙasashen waje, har Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa aka shirya fim a kansa. Masana sukan kwatanta shi da garin Geel na ƙasar Beljiyam, inda iyalai suka ɗau ɗaruruwan shekaru suna saukar masu taɓin hankali a gidajensu.

Shi da Masu Maganin Gargajiya

Abin da ya fi jawo wa Lambo suka daga wasu takwarorinsa likitoci shi ne jawo masu maganin gargajiya da ya yi a jika. Ya lura cewa yawancin waɗanda ake kawo masa sun riga sun bi ta hannunsu, kuma ko bayan sallama can za su koma. Ya kuma lura cewa su ne suka san harshen da mara lafiya da iyalinsa ke fahimta game da musabbabin ciwo. Saboda haka ya zaɓi wasu daga cikinsu da ya yarda da halinsu, suka riƙa aiki tare da shi wajen tattaunawa da marasa lafiya da kwantar wa iyalai hankali, a ƙarƙashin kulawar asibiti. Magani da adadin da za a sha suna hannun likita, ɗauri da duka da horon yunwa kuwa ba su da wuri a tsarin.

Ba shi kaɗai ya bi wannan hanya ba a Afirka. A ƙasar Sudan, Dakta Tijjani El-Mahi, wanda ya rasu a 1970, ya yi aiki kafaɗa da kafaɗa da malaman addini masu karɓar marasa lafiya a tsangayoyinsu, har suka riƙa turo masa waɗanda suka ga ciwonsu na asibiti ne. Wannan misali na Sudan ya fi kusa da yanayin ƙasar Hausa, inda liman da malamin tsangaya su ne farkon waɗanda ake kai wa kuka.

Binciken da Ya Ɗaga Sunan Nijeriya

A 1961 Lambo ya haɗa gwiwa da Farfesa Alexander Leighton na Jami'ar Cornell ta Amurka, suka zagaya ƙauyukan ƙasar Egba da cikin garin Abekuta gida gida suna tantance lafiyar ƙwaƙwalwar jama'a. Sakamakon, wanda aka wallafa a 1963, ya nuna cewa irin matsalolin da aka samu a ƙauyukan Yarabawa sun yi kama ƙwarai da waɗanda aka samu a wani yankin karkara na ƙasar Kanada. Wannan ya rushe tsohuwar da'awar cewa baƙar fata ba ya kamuwa da ciwon damuwa mai tsanani.

Har ila yau, birnin Ibadan ya zama ɗaya daga cibiyoyi 9 na duniya da Hukumar Lafiya ta Duniya ta zaɓa don nazarin nau'in taɓin hankali mai tsanani da likitoci ke kira sikizofireniya. Da aka bi sawun marasa lafiyar bayan shekara 2, sai aka tarar na Ibadan da na Agra ta ƙasar Indiya sun fi na manyan biranen Turai samun sauƙi. Masana na ci gaba da muhawara a kan dalili, amma da yawansu sun danganta abin da zaman iyali da kuma samun aikin yi a cikin jama'a, wato ginshiƙan da aka kafa tsarin Aro a kansu.

Yadda Sana'ar Ta Sami Suna da 'Yancin Kanta

Domin a gane girman abin da Lambo da tsararrakinsa suka yi, ya kamata a san cewa ko a Ingila, inda ya yi karatu, likitocin ƙwaƙwalwa sun daɗe suna fafutukar neman suna da matsayi. Ƙungiyarsu ta fara ne a 1841 da sunan ƙungiyar likitocin gidajen mahaukata. A 1865 suka cire ambaton gidan mahaukata daga sunan. A 1926 fadar Ingila ta amince su ƙara kalmar sarauta a kai. Sai a 1971 ƙungiyar ta zama Kwalejin Sarauta ta Likitocin Ƙwaƙwalwa, mai ikon tsara jarrabawarta da tantance ƙwararrunta kamar yadda likitocin tiyata suka daɗe suna yi. Tafiyar ta ɗauke su shekara 130. Kowane sauyin suna yana nuna sauyin aiki ne: daga mai gadin mahaukata zuwa likita, daga likitan da ke ƙarƙashin wasu zuwa mai cin gashin kansa.

A Nijeriya an yi irin wannan tafiya cikin ɗan lokaci, kuma ta zo daidai da samun mulkin kai. Lokacin da Lambo ya fara aiki, ƙungiyar likitocin ƙasar nan reshe ce kawai ta ƙungiyar likitocin Birtaniya, digirin da ake bayarwa a kwalejin Ibadan na Jami'ar Landan ne, duk mai son ƙwarewa a wani fanni kuma sai ya ƙetare teku. Bayan 1960 reshen nan ya rikiɗe ya zama Ƙungiyar Likitocin Nijeriya, wadda aka fi sani da NMA. A 1962 kwalejin Ibadan ta zama cikakkiyar jami'a mai ba da digirinta. A 1963 aka kafa Majalisar Likitocin Nijeriya don yi wa likitoci rajista da ladabtar da su a cikin gida, wadda daga baya aka sauya mata suna zuwa Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Nijeriya.

A ɓangaren ƙwaƙwalwa, Lambo ne ya ɗaga tuta. A watan Nuwamba na 1961 ya shirya taron farko na likitocin ƙwaƙwalwa na nahiyar Afirka a Abekuta, inda masana daga Afirka da Turai da Amurka suka hallara. Wannan ne karon farko da aka zauna a ƙasar baƙar fata, bisa gayyatar baƙar fata, don tattauna lafiyar ƙwaƙwalwar mutanen Afirka. An yi taro na biyu a Dakar ta ƙasar Senigal a 1968. A 1963 ya zama farfesa kuma shugaban sashen likitancin ƙwaƙwalwa na Jami'ar Ibadan, inda ya riƙa yaye ɗalibai. A Aro kuwa abokin aikinsa Dakta Tolani Asuni ya ci gaba da riƙe ragamar asibitin da ƙauyukan.

Zuwa ƙarshen shekarun 1960 adadin ƙwararrun ya kai su kafa ƙungiyarsu, wato Ƙungiyar Likitocin Ƙwaƙwalwa ta Nijeriya, wadda ake kira APN a taƙaice. A 1976 aka ƙaddamar da Kwalejin Likitoci ta Afirka ta Yamma, a 1979 kuma dokar soja mai lamba 67 ta kafa Kwalejin Horar da Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa, kowacce da tsangayar likitancin ƙwaƙwalwa a cikinta. Daga nan likita zai iya fara horo ya kammala a Nijeriya, a kan marasa lafiyar Nijeriya, malaman Nijeriya su yi masa jarrabawa. Sunayen wuraren jinya su ma suka sauya. Gidan mahaukata na Yaba ya zama asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya, aka kuma sami irinsa a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Jihar Sakkwato, da Maiduguri.

Amfanin wannan 'yanci ga mutumin karkara a fili yake. Likitan da aka horar a gida ya san abin da uwa ke nufi idan ta ce an jefi ɗanta, ya san lokacin damina ba ya barin manomi ya yi wata guda yana zaman jinya a birni, ya kuma san kuɗin mota daga Kunci zuwa Kano ba ƙaramin abu ba ne ga mai ƙaramin ƙarfi. Ƙungiya mai cin gashin kanta kuma tana da bakin yi wa gwamnati magana a madadin marasa lafiyar da ba su da mai magana da yawunsu.

Shugabancin Jami'a da Aikin Duniya

Daga 1966 zuwa 1968 Lambo ya shugabanci tsangayar koyon aikin likita ta Jami'ar Ibadan. A 1968, ana tsakiyar yaƙin basasa, aka naɗa shi shugaban jami'ar, ya riƙe muƙamin har 1971. Zamanin nasa bai rasa tangarɗa ba, domin ranar 1 ga watan Fabrairu na 1971 'yan sanda sun buɗe wuta a kan ɗalibai masu zanga-zanga a harabar jami'ar, ɗalibi guda mai suna Kunle Adepeju ya rasa ransa, lamarin da ya girgiza ƙasar baki ɗaya.

A wannan shekara ta 1971 ya koma hedkwatar Hukumar Lafiya ta Duniya a birnin Jeneba. A 1973 aka ɗaga shi zuwa Mataimakin Babban Darakta, wato mutum na biyu a hukumar, ya kuma riƙe wannan kujera shekara 15, har 1988, tare da Babban Darakta Halfdan Mahler. A zamaninsu ne aka yi taron Alma-Ata na 1978, wanda ya aza harsashin kiwon lafiya matakin farko, wato kai magani kusa da jama'a ta hannun ma'aikatan da ke zaune a cikinsu. A zamaninsu ne kuma, a 1980, aka ba da sanarwar kawar da cutar agana daga doron ƙasa. Wanda ya san tarihin Aro zai ga kamannin tsarin ƙauyen a cikin manufar Alma-Ata.

An karrama shi da lambobin yabo masu yawa. A 1979 yana cikin rukunin farko da aka ba lambar girmamawa ta ƙasa ta masana, wato NNOM, irin wadda aka ba marigayi Alhaji Abubakar Imam. Farfesa Lambo ya rasu ranar 13 ga watan Maris na 2004, saura kwana 16 ya cika shekara 81 da haihuwa.

Abin da Ya Biyo Baya

Tsarin ƙauyen Aro bai ɗore a yadda ya faro ba. Garin Abekuta ya bunƙasa ya haɗiye ƙauyukan, gonaki suka zama filayen gini, zaman jama'a ya sauya. Asibitin dai yana nan a matsayin asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya, manufar tsarin kuma ta shiga cikin tsare-tsaren gwamnati. A 1991 Nijeriya ta sanya lafiyar ƙwaƙwalwa cikin ayyukan kiwon lafiya matakin farko. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shirin koya wa ƙananan ma'aikatan lafiya gane cututtukan ƙwaƙwalwa da farfaɗiya da ba da maganinsu a ƙananan asibitoci.

Tsohuwar dokar mahaukata kuwa ta daɗe ba ta gushe ba. Tun 2003 aka fara gabatar da ƙudurin sauya ta a Majalisar Dattawa, ƙungiyar APN da sauran masu fafutuka suka yi ta bibiya shekara da shekaru. Sai a watan Janairu na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya hannu a kan Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda ta fayyace haƙƙoƙin mara lafiya, ta kuma haramta ɗaure shi da sarƙa. Kafin nan, a watannin Satumba da Oktoba na 2019, jami'an tsaro sun kuɓutar da ɗaruruwan mutane daga gidajen mari a Rigasa ta Kaduna da kuma Daura, da yawansu da sasari a ƙafa. Wannan ya nuna cewa abin da Lambo ya yaƙa a 1954 bai zama tarihi ba tukuna. Ƙungiyar APN ta kuma sha bayyana cewa ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwa da ke aiki a ƙasar nan ba su kai 300 ba, ga al'ummar da ta haura miliyan 200.

Darasi ga Jama'armu da Shugabanninmu

Da wannan adadi, ba za a taɓa samun likitan ƙwaƙwalwa a kowace mazaɓa ba. Amma abubuwan da Lambo ya yi aiki da su a Aro duk muna da su a karkarar Kano: gida mai yawan jama'a, mai unguwa da dagaci da hakimi waɗanda ake jin maganarsu, liman da ake girmamawa, gona da sana'ar hannu, da malamin asibiti a ɗakin shan magani. Bayan haka muna da abin da shi bai tarar ba, wato asibitin masu taɓin hankali na Dawanau a Ƙaramar Hukumar Dawakin Tofa, da sashen likitancin ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

Ga iyalai, abin lura shi ne a gaggauta kai mara lafiya asibiti tun ciwo bai yi nisa ba, a kuma haɗa shi da ɗan'uwan da zai tsaya a kansa. Maganin ƙwaƙwalwa yakan ɗau makonni kafin a ga amfaninsa, kuma dakatar da shi ba da izinin likita ba, don an ga sauƙi, shi ne babban abin da ke dawo da ciwo. Addu'a da magani ba sa karo da juna. Mai jegon da ta birkice bayan haihuwa, da mai farfaɗiya, da saurayin da ƙwaya ta taɓa, duk suna da magani. Wanda ya sami sauƙi a ba shi kunya ɗaya ko biyu ya nome, a ba shi awaki ya kiwata, a zauna ci da shi a kwano ɗaya, a kuma hana yara yi masa ature.

Ga masu unguwanni da dagatai da kansiloli da shugabannin sassan lafiya na ƙananan hukumomi, nauyin ya fi girma. Su ne suka san gidan da aka kulle wani a ɗaki shekara da shekaru. Ya kamata su san cewa ɗaure mara lafiya da sarƙa ya saɓa wa doka, su taimaka wa iyali da hanyar kai shi asibiti, su zauna da limamai da masu maganin gargajiya na yankinsu a yi yarjejeniyar tura wanda ciwonsa ya fi ƙarfinsu. Haka kuma su tabbatar an tura ma'aikatan ɗakunan shan magani horon gane waɗannan cututtuka, an kuma sanya magungunansu cikin waɗanda ake sayowa, domin kada wanda aka sallamo daga Dawanau ya sake hawa mota zuwa birni duk wata don ƙwayar da za a iya ajiye masa a garinsu.

Kammalawa

Farfesa Lambo ya fara aiki a lokacin da hukuma ke ɗaukar mai taɓin hankali tamkar fursuna, likitansa kuma tamkar gandiroba. Ya bar duniya sana'ar tana da ƙungiya da kwalejoji da asibitoci masu sunan mutunci, duk a hannun 'yan ƙasa. Ragowar aikin, wato isar da wannan ilimi ga gidajen da ke tsakiyar gonakin gero da dawa, yana wuyan ƙananan hukumomi da masarautu da iyalai. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya kuma ba shugabanninmu ikon sauke nauyin da ke kansu, amin.